Na gwada kapkek ɗin littafin Amurka a kicin ɗina na Gesse, ga yadda suka fito

Maman Hanif (Gesse, Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Tun bayan ƙaramar sallah nake bin wani littafin gashin kek da ƙanwar maigidan ta kawo mini tsaraba. Na Amurka ne, kuma babi guda cur na kapkek ne, wato ƙananan kek ɗin nan da ake gasawa a cikin 'yar takarda mai siffar kofi. Na ƙudura ba zan ce komai a kansa ba sai na yi su yadda aka rubuta, ban ƙara ba ban rage ba, don in san abin da yake na littafin da abin da yake na garinmu.

Na fara da farin, mai banila. Bota rabin kofi, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai 2, fulawa kofi ɗaya da rabi, madara rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Guda 12 yake bayarwa. An rubuta a gasa a zafin digiri 350, wato ma'aunin Amurka, a namu oben ɗin kusan 180 ke nan, minti 18 zuwa 20. Da zafinsa ba a magana, ƙamshi har gidan maƙwabta. Amma da ya kwana sai ya bushe, yana marmashewa a hannu.

Na cakulan shi ne gwarzo. Ba bota a cikinsa, man girki ne, da garin kokon cakulan, da ruwan zafi a ƙarshe. Kwaɓin ya tsinke har gabana ya faɗi, amma ya tashi lafiya, kuma ya kwana biyu da laushinsa ba tare da ya ga firij ba.

Na lemun tsami ya yi ɗaci a bayan harshe. Ja ɗin nan da ake ce wa red belbet ya yi kyau a ido, sai dai kalar da littafin ya ce a zuba ta yi yawa, ban ji daɗin ba yara shi ba. Aisin ɗin bota kuwa, wato kwalliyar bota da sukari da ake ɗorawa a saman kek, na ɗora bayan azahar, kafin la'asar ya kwanta ya gangaro kan takarda.

Hukuncina: littafin ba ƙarya ya yi ba, amma ba don zafin Kebbi aka rubuta shi ba. Mai man girki ya fi dacewa da mu. Me kuka gani?

Amaryar Badariya:
Wa alaikumus salam Anti. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ni tambayata kofin nan da suke faɗi, wane kofi ne? Ni da kofin shayin da ke cikin kayan jerena nake awo, kullum kek ɗina sai ya yi tauri.

Maman Hanif (Gesse, Birnin Kebbi):
Ƙanwata, kofinsu na awo ne na musamman, yana cin mililita 240. In fulawa ce giram 120 zuwa 125, in sukari ne giram 200, in bota ce kusan 225. Kofin shayi kowanne da girmansa. Kuma kar ki tura kofin cikin buhun fulawa ki danna, ki riƙa zubawa da cokali har ya cika ki shafe saman da bayan wuƙa. Dannawar nan kaɗai tana ƙara fulawar da za ta sa kek tauri.

Hajiya Inna (Argungu):
Ɗiyata Maman Hanif, Allah shi yi albarka. Amma ku yaran yanzu kuna wahal da kanku. Mu da munka tashi ba littahi ba sikeli, kuma ba a yi gara a dangi ba a kira mu ba. Ga awona: bota leda guda, sukari gwangwanin madara biyu wanda bai cika ba, ƙwai biyar, fulawa gwangwani uku. In buga bota da sukari da muciya har su yi fari tas, in sa ƙwai ɗai-ɗai. Tukunya babba, rairayin gulbi wanda anka wanke anka shanya, gawayi ƙasa kaɗan, bisa marhi da yawa. Mi littahi za shi gwada min wanda ban sani ba?

Ummu Sultan (Yauri):
Hajiya, da girmanki, amma wancan kek ɗin gara daban, kapkek daban. Kek ɗin gara ana son ya yi nauyi ya jure tafiya a cikin bokiti har sati. Kapkek ana son ya yi sakayau, ka danna ya dawo. Ni sana'ata ce, kuma ba na yarda da gwangwani. Gwangwanin madarar yau ba girman na da ba ne, wani ma an bubbuga gefensa. Duk mai son ta yi abin sayarwa ta sayi sikeli. Sannan Maman Hanif ban yarda mai ya fi bota ba. Ɗanɗanon bota daban ne, mai saye yana ganewa tun a cizon farko.

Hajiya Inna (Argungu):
To ɗiyata, ke da kika san na sayarwa. Nawa dai ba a taɓa maido min shi ba.

Anti Malama (Jega):
Salamu alaikum. Na karanta awon Hajiya na ɗauko biro na lissafa, kuma ina so ku ga abin da na samu. Ledar botar gashi da muke saye giram 250 ce. Ƙwai biyar in an fasa, kowanne wajen giram 50, 250 ke nan. Gwangwanin madarar ruwa bai kai kofin littafi ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, fulawar da yake ci tana wajen giram 80 da 'yan kai, uku sun kai 250. Sukari ya fi fulawa nauyi, shi ya sa biyun da ba su cika ba su ma suke zuwa wajen 250. Wato komai nauyinsa ɗaya. Wannan shi ne ainihin awon da Turawan Ingila suke yi wa ƙananan kek ɗinsu: a auna ƙwai, a sa bota da sukari da fulawa daidai nauyinsa. Hajiya tana kan ƙa'ida sosai, hannunta ne ya riƙe mata abin da mu sikeli yake riƙe mana.

Inda Ummu Sultan take da gaskiya shi ne, amaryar da ba ta shekara talatin tana kwaɓi ba, ba ta da wannan hannun. Ita sikeli ne zai taimake ta.

Hajiya Inna (Argungu):
Madalla Malama. Ashe dai ba mu ɓace ba.

Ummu Sultan (Yauri):
Na yarda da lissafin, Anti. Amma a faɗa wa mutane gaskiya, abin da ke cikin ledar nan ba botar da littafin yake nufi ba ce. Ta man itatuwa ce, irin su Simas da Blue Band. Botar littafi daga madarar shanu ake yin ta, tana da tsada, kuma sai a firij. Maman Hanif da wacce kika gwada?

Maman Hanif (Gesse, Birnin Kebbi):
Da ta madarar na yi, 'yar uwa, tunda na ce zan bi littafi. Sai da aka sayo mini ita a kanti aka kawo cikin kula. Ita ce ma ta ba ni wahala. Littafin ya ce a bar ta ta yi laushi daidai zafin ɗaki. Ɗakinsu ba namu ba ne. Na fito da ita na juya in tankaɗe fulawa, kafin in waiwayo ta fara zama mai.

Anti Malama (Jega):
Nan ne tushen matsalar duka. Zafin ɗakin da suke nufi digiri 18 zuwa 21 ne. Botar madara tana narkewa tun daga 32 zuwa 35. Mu kuwa a Afrilu Birnin Kebbi da Jega muna haura 40 da rana, kicin mai rufin kwano ya fi haka. Dalilin buga bota da sukari shi ne ƙwayoyin sukarin su huhhuda botar iska ta shiga, iskar nan ce bekin foda yake hurawa a cikin wuta kek ya tashi. Botar da ta narke ba ta riƙe iska. Shi ya sa wani lokaci za ki ga gindin kek ya yi danƙo, takardar ta jiƙe da mai.

Maganinsa: ki yi kwaɓi bayan asuba ko da dare. Ki gwada botar da yatsa, ya shiga kaɗan ya bar shaida amma kar ya nutse. In ta fara sakewa kina cikin bugu, ki ɗora kwanon a cikin wani mai ruwan randa ko ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci. Ta leda ta fi jure zafi, shi ya sa iyayenmu ba su sha wannan wahalar ba.

Game da bushewa kuwa, mai ruwa-ruwa yake zama ko kek ya huce, bota kuma daskarewa take yi, shi ya sa na mai ya fi daɗewa da laushi. Ku jira hunturu ku gani, na bota wuni ɗaya iska za ta shanye shi in ba a rufe ba.

Ummu Sultan (Yauri):
To ai ni shi ya sa nake raba shi biyu, bota rabi mai rabi. Ɗanɗano yana nan, laushi yana nan. Amma a kula, in za a sa mai a madadin bota ba daidai ake sa shi ba, kashi uku cikin huɗu ya isa, don bota tana da ruwa a jikinta, mai kuwa zalla ne.

Maman 'Yan Biyu (Kalgo):
Man gyaɗa fa? Ko man shanu? Shi ne muke da shi a wadace.

Ummu Sultan (Yauri):
Man gyaɗan gida ƙamshinsa yana fitowa a farin kek, sai dai a na cakulan ya ɓuya. Man shanu ɗanye kar ki fara, tsamin nono zai biyo. Soyayye yana yi in kina son ƙamshinsa, amma ki ɗauke shi a matsayin mai, ba a buga shi da sukari.

Maman 'Yan Biyu (Kalgo):
Na gode. Sai wata magana da ta fi damuna, ku yi haƙuri in na kauce. Maman Hanif kin ce banila. Na ji an ce ruwan banilar Turawa da giya ake jiƙa shi. Gaskiya ne? Ni tun da na ji na daina sa filebo gaba ɗaya.

Amaryar Badariya:
Innalillahi. Anti da gaske?

Anti Malama (Jega):
Ku kwantar da hankali amma ku saurara. Banila ta asali 'ya'yan wani tsiro ne, akasarinta daga Madagaska ake kawowa. Hanyar fitar da ƙamshinta ita ce a jiƙa a cikin barasa, kuma a dokar Amurka ruwan banila na asali sai barasar da ke cikinsa ta kai kashi 35 cikin 100. Wanda littafin Maman Hanif yake nufi ke nan. Yawancin ƙananan kwalaben filebo da ke kasuwanninmu na haɗi ne, da yawa da wani ruwa daban ake narka su, za ku ga an rubuta propylene glycol a jikin kwalbar. Amma ba duka ba, don haka a juya kwalba a karanta, in an ga alcohol ko ethanol an san abin da ke ciki. Masu cewa wuta tana ƙone shi duka su sani gashi na minti 20 ba ya kore shi kakaf, aisin kuwa ko wutar ba ya gani. Hukuncinsa na malamai ne, kowacce ta tambayi wanda ta yarda da iliminsa. Ni dai ta gari nake saye, hankalina kwance.

Hajiya Inna (Argungu):
Mu gyaɗar ƙamshi muka gogawa ciki, da ɗan ɓawon lemu. Ba shakku ba komi.

Maman Hanif (Gesse, Birnin Kebbi):
Hajiya kin tuna mini da na lemun tsamin. Lemun da ke hoton littafin ruwan ɗorawa ne, babba, mai kaurin ɓawo. Namu ɗan ƙarami ne kore, ɓawonsa siriri, kana gogawa ka taɓa farin da ke ƙasa, shi ne mai ɗacin. Da na sake yi sai na goga ɓawon lemun zaƙi sama-sama, na murza shi cikin sukari da hannu kafin in buga, ruwan kuma na sa na lemun tsami. Wannan ya fi na littafin nesa ba kusa ba, har maigidan ya ce a ajiye masa na safe.

Amaryar Badariya:
Anti Malama ni ma ina da tawa. Na ji tsoron kala, sai na dafa soɓorodo mai kauri na zuba a kwaɓin jan kek. Da ya gasu ba ja ba ne, toka-toka ya fito kamar an sa shuni. Mene ne ya faru?

Anti Malama (Jega):
Ɗiyata, tunaninki mai kyau ne, sinadaran ne ba su jitu ba. Jan soɓorodo sai a cikin tsami yake zama ja. Bekin soda kishiyar tsami ne, dangin kanwa, da ya haɗu da shi sai launin ya juye ya yi shuɗi-shuɗi. Ki ɗiga ruwan kanwa a kofin soɓorodo ki gani da idonki. Jan kek kuwa da soda ake yin sa. In kina son amfani da shi, ki bar kek ɗin fari, ki dama aisin shuga da cokali biyu na ruwan soɓorodon mai kauri ki shafa a sama. Launin zai tsaya, ga ɗan tsami mai daɗi.

Tunda an zo nan bari in raba muku su, don ana yawan haɗa su. Soda ba ya aiki sai da abu mai tsami a kwaɓin: nono, binega, ruwan lemun tsami. Bekin foda yana ɗauke da nasa tsamin a ciki. Soda ya fi ƙarfi wajen ninki uku, in ya yi yawa kek ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Kuma bekin foda yana mutuwa in ya sha iska, musamman wanda ake ƙullawa a leda. Ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ki zubar.

Maman Hanif (Gesse, Birnin Kebbi):
Madarar tsamin da littafin yake ta nema, a ƙasan shafi sun ce in babu a sa babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami a kofin madara a jira minti 5. Na yi hakan, sannan na gwada da kindirmon da ƴar Fulanin da ke kawo mana take kawowa, na tace na ɗan sassauta shi da ruwa. Na kindirmo ya fi laushi. A wannan dai mu muka fi su wadata.

Ummu Sultan (Yauri):
A sami mai kyau dai. Wani nonon kasuwa an tsinka shi da ruwa an kaɗa masa kuka. Kuma na sayarwa yana son abu ɗaya kullum, tsamin nono kuwa na yau daban na gobe daban.

Hajiya Inna (Argungu):
Wagga yarinya komi anka kawo na gida sai ta sami abin cewa.

Ummu Sultan (Yauri):
Hajiya wallahi ba raini ba ne. Mutum ya biya kuɗinsa ranar suna, in ya fito ba yadda ya gani a hoto ba ni za a kira, ba mai nono ba.

Shugabar zaure:
Iyaye da 'yan uwa a yi haƙuri da juna. Kowa don a ƙaru take magana. A ci gaba.

Hajiya Inna (Argungu):
Ba komi, ɗiyata ce. Allah shi ba da kasuwa.

Ummu Sultan (Yauri):
Amin Hajiya, na gode. Bari in biya da maganar aisin, don nan na fi shan wuya kafin in gane. Daga Maris zuwa saukar ruwa ba na karɓar aikin aisin ɗin bota sai in a ɗaki mai sanyi za a yi taron kuma kusa ne. An ɗauke wuta firij ya huce, an sa a mota zuwa Ngaski ko Shanga, kafin a isa ya zama miya. Abin da nake yi: aisin shuga kofi ɗaya, ruwan lemun tsami cokali ɗaya zuwa biyu, a dama ya yi kauri, a tsoma kan kek ɗin bayan ya huce sarai. Yana bushewa ya yi ɓawo, ba ruwansa da rana. In dole sai mai tudu irin na hoto, botar leda ta fi ta madara tsayawa, kuma a ɗora shi dab da fita. Na cukwin da ake sa wa jan kek kuwa ban ba kowa shawara ba a wannan yanayi, lalacewa yake yi, ba narkewa kaɗai ba.

Maman 'Yan Biyu (Kalgo):
Ni ba ni da oben. Hajiya don Allah a tukunya takardar ba ta ƙonewa?

Hajiya Inna (Argungu):
Ba ta ƙonewa in kin iya wuta. Ki sa takardar cikin gwangwani, kar ki aza gwangwanin bisa rairayi kai tsaye, ki sa faranti ko murhin tukunya tsakani. Ki bar tukunyar ta yi zahi tukun kamin ki sa. Wutar ƙasa kaɗan, ita ka ƙone gindi ciki bai nuna ba. Kuma kar ki cika, ki bar mishi wurin tashi. Kar ki buɗe sai kin ji ƙamshi ya cika gida, sannan ki soka tsinke, in ya hito ba kwaɓi ya yi.

Anti Malama (Jega):
Daidai da littafi, kashi biyu cikin uku na takardar ake cikawa. Masu ƙaramin oben na gas ma su ɗauki maganar Hajiya, wutarsa daga ƙasa take, lambar da ke jikin maɓallin kuma ba kullum take faɗin gaskiya ba. A sa tiren a tsakiya, a ajiye wani tire wayam a ƙasansa ya tare wuta. Wadda ta samu ɗan ma'aunin zafi na cikin oben ta saya, ya fi mikza, injin bugun kwaɓi, amfani. Lotsawar tsakiya abu uku ke kawo ta: buɗe ƙofa kafin minti 15, bekin foda ya yi yawa, ko a cire bai nuna ba.

Maman Hanif, roƙona gare ki, in za ki sake farin, abu ɗaya za ki canza a kowane gashi. In kin sauya mai da sukari da wuta lokaci guda, ko ya yi kyau ba za mu san wanne ya gyara shi ba.

Maman Hanif (Gesse, Birnin Kebbi):
In sha Allahu Anti. Zan fara da rabin bota rabin mai na Ummu Sultan, komai in bar shi yadda yake. Bayan nan in rage sukari, don ni zaƙin ya yi mini yawa.

Ummu Sultan (Yauri):
Kar ki rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Sukari ne ke riƙe damshi, in ya yi kaɗan bushewar da kike gudu za ta ƙaru.

Amaryar Badariya:
Salamu alaikum, na dawo. Jiya bayan isha na ari sikelin maƙwabciyata na yi awon Hajiya rabi: ƙwai na auna, komai na sa daidai nauyinsa, da bekin foda ƙaramin cokali ɗaya. Alhamdulillah ya tashi, ya yi laushi, uwar mijina ta ci biyu. Matsala ɗaya, da safe na tarar takardun duk sun saki jikin kek ɗin sun buɗe.

Hajiya Inna (Argungu):
Barka ɗiyata. Da zahi kika ruhe shi?

Amaryar Badariya:
Eh Hajiya, na sa a roba mai marfi saboda kiyashi.

Ummu Sultan (Yauri):
Tururi ne ya jiƙa takardar. In kin sauke ki bar shi minti 5 a gwangwani, ki fito da shi ki jera a kan rariya ko faifai iska ta ratsa ƙasansa har ya huce sarai, sannan ki rufe. Kiyashi kuwa, ki zuba ruwa a tire, ki kifa kwano a tsakiya, ki ɗora rariyar a kai.

Maman 'Yan Biyu (Kalgo):
Amarya, ƙwai nawa kika sa, kuma guda nawa ya ba ki? Na gida nake da su ƙanana, ina so in gwada a tukunya ranar Asabar.

Amaryar Badariya:
Uku na fasa Anti, ƙanana ne su ma, sun ba ni giram 125. Guda 12 ya fito, amma takarduna ƙanana ne, in naki manya ne ba zai wuce 9 ba.